ADASHIN DA AKE KORAR MUTUM RANAR ƊAUKARSA

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai mun amayar da ita, wanda zai ji haushi ya ji. Maganar ita ce ta katin asibiti, wanda 'yan boko ke kira inshorar lafiya, da yadda mahukunta suka tsara shi a ƙasar nan: yana tare da mutum muddin da sauran ƙarfinsa, ranar da ƙarfi ya ƙare shi ma sai ya ce ga garinku nan.

Ga asalin abin, don kada a ce ƙage muka yi. Gwamnatin soja ce ta kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka jefa ta cikin durowa, ba a fara aiki da ita ba sai 2005, zamanin Obasanjo. Da aka tashi farawa kuwa sai aka fara da ma'aikatan gwamnatin tarayya. Ana zuba kuɗi da sunan ma'aikaci kowane wata, a ba shi kati, shi da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mai mata biyu ko uku, irin namu na nan, sai ya biya wa saura daga aljihunsa. In ya je asibiti a duba shi, a rubuta magani, ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin. To, madalla. Ba mu ƙi wannan ba.

Amma fa an ɗaure katin nan ne a jikin takardar albashi. Ma'aikaci na ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Ranar da sunansa ya fita daga takardar albashi, ranar ya fita daga littafin asibiti. Shin ku gaya mana, ya 'yan'uwa, yaushe mutum ya fi bukatar likita? Yana ɗan shekara 30, yana taka keke daga Gusau zuwa Bunguɗu bai ji a jikinsa ba, ko kuwa yana ɗan 62, ga hawan jini, ga ciwon suga, ga yanar ido, ga riƙewar fitsari, ga gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa a sahun salla? Ciwon saurayi zazzaɓi ne na kwana uku. Ciwon tsoho kuwa na zama ne, maganinsa na kowace safiya ne har iyakar rai.

Ku da ke kasuwa kun fi kowa sanin adashi. Ana zubi, yau wannan ya ɗauka, gobe wancan. Inshora ba wani abu ba ce illa wannan: masu lafiya su zuba, mara lafiya ya ɗauka. To, me za ku kira uwar adashin da ta karɓi zubin mutum shekara 15 ko 20, ranar ɗaukarsa ta zo ta ce ai an soke sunansa? A kasuwar Tudun Wada mun san sunan da za a kira ta, ba kuwa za ta sake kafa adashi a layin ba. Amma da yake hukuma ce ta yi, sai aka sa masa suna tsari. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, shi ke nan.

Kada kuma wani ya ce ai ga fansho da garatuti, tsoho ya sayi magani da su. A nan Zamfara gwamnatin da ta hau a 2023 da bakinta ta faɗa cewa ta tarar da bashin garatuti wanda ya taru tun daga 2011, na sama da Naira biliyan 13. Watau akwai malamin makaranta da masinja da direba da suka ajiye aiki suka yi shekara goma suna jiran haƙƙinsu. Hawan jini na jiran shekara goma ne? Nawa aka kai makwanci kafin kuɗin ya fito?

Wannan duka na ma'aikaci ne, wanda ya ɗan ɗanɗana. Talaka ɗan tireda, mahauci, tela, 'yar ƙosai, manomin Tsafe, su ko ƙofar ba a nuna musu ba. Ɗan kasuwa ba shi da ranar ritaya, ƙafa ce ke gaya masa ya isa. Cikin kowace Naira 100 da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya, fiye da 70 daga aljihun majinyaci da danginsa suke fita. Mun san yadda suke fita: a sayar da rago, a sayar da babur, a jinginar da gona, a ƙarshe a taɓa jari. Rumfar da aka yi shekara 30 ana ginawa, tiyata ɗaya ta kwashe ta. Daga nan sai a ga dattijo mai mutunci an miƙa takardarsa a masallacin Juma'a ana neman taimako. Assha!

Za su ce mana ai an gyara. Gaskiya ne, a watan Mayu na 2022 Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka, wadda ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga inshorar lafiya. Dokar ta tanadi asusu na marasa galihu, ta lissafa tsofaffi a cikinsu. Tun kafin nan, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya matakin farko, ana turo wani kaso jihohi a yi wa talakawa rajista kyauta. A jiharmu hukumar taimakekeniyar lafiya, ZAMCHEMA, ita ce ke riƙe da wannan amana. Zamfara na da mazaɓu 147. To, muna tambaya, kuma haƙƙinmu ne mu tambaya: tsofaffi nawa aka rubuta a mazaɓar Tudun Wada? Nawa a Tsafe, nawa a Bunguɗu? Wa ya zaɓo su? A liƙa sunayen a bangon asibitin kowace mazaɓa kowa ya karanta. Abin da aka raba a ɗaki, talaka ya san inda yake zuwa.

Sai dai kuma ba za mu zauna muna kuka ba har ciwo ya zo ya tarar da mu hannu rabbana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya ba shekara 55 baya, ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa, bana ya kamata ya nemi kati, ba baɗi ba. Dalili kuwa, ba ranar da aka biya kati ke fara aiki ba, akwai jira na makonni ko watanni, sa'an nan da yawan kamfanoni sun fi son su karɓi mutum tun bai kwanta ba.

Mu fara da kamfanonin 'yan kasuwa, waɗanda ake kira HMO, tun da su ne masu dillalai da takardu masu sheƙi. Ba mu ce dukansu maha'inta ba ne, akwai masu cika alkawari. Amma kamfani riba ya fito nema, tsoho kuwa a idonsa asara ne. Saboda haka da yawansu kan yanka iyakar shekaru, 60 ko 65, wanda ya haura ba a karɓarsa, ko a tura shi wani tsari dabam na dattawa mai ɗan karen tsada. In dillali ya zo, kada ku kalli hoton likita mai murmushi a bangon takarda. Ku sa ɗanku mai karatu ya juya can ciki inda aka yi ƙananan rubutu. Ku tambaye shi: in na cika 65 za ku sabunta mini ko za ku sallame ni? Hawan jinin da nake da shi tun kafin in shiga, yana ciki ko ba ya ciki? Wata nawa zan jira kafin a yi mini tiyata? Nawa ne iyakar abin da za ku biya mini a shekara? Wannan ta ƙarshe ita ce tarkon da ya fi kama mutane, domin kati na iya cewa akwai tiyata, alhali kuɗin da aka yanka mata bai kai rabin na aikin ba. Kome ya amsa, ku ce ya nuna muku a rubuce. Romon baka ba ya biyan kuɗin gado.

Kuma ku tambayi asibitin. Kamfanin da asibitocinsa ke Legas da Abuja, me zai tsinana wa mutumin Bunguɗu da ƙarfe biyun dare? Kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga saboda 'yan bindiga, ta Tsafe zuwa Funtuwa da ta Bunguɗu zuwa Sakkwato. Katin da sai an yi tafiyar yini kafin a more shi, takarda ce kawai.

A ganinmu ƙofar da ta fi dacewa da talaka ita ce ta hukuma, ba don muna yabon mahukunta ba, sai don kuɗinmu ne, kuma muna da bakin magana a kai. A je ofishin ZAMCHEMA a Gusau, a je a ƙungiyance, a nemi a ji nawa ne zubin wanda ba ma'aikaci ba. Ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma da ya kusa ajiye aiki ya tambaya tun yanzu, a ba shi amsa a takarda: katina zai bi ni bayan ritaya, ko zai mutu da albashi? In zai mutu, ta yaya zan ci gaba ba tare da an katse ba? Masu ɗari-ɗari don addini su lura, jihohinmu na Arewa, Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara, taimakekeniya suka kira abin, domin a kan haka aka gina shi.

Akwai kuma tsarin tarayya mai suna GIFSHIP, wanda aka buɗe a ƙarshen 2020 don waɗanda ba su cikin takardar albashi, har da masu ritaya. A nan ne za ku ga amfanin haɗa kai. Lokacin da aka fara shi, mutum in ya je shi kaɗai Naira 45,000 zai biya a shekara, kuɗin mutum uku ke nan. In kuwa mutum goma ko fiye suka je a dunƙule, Naira 15,000 ne kowanne, watau 1,250 a wata. An ƙara kuɗin tun daga lokacin, ba sau ɗaya ba, saboda haka a tambayi farashin yau, amma darasin na nan: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar mahauta, ta 'yan hatsi, ta teloli, ta 'yan gwari, duk suna karɓar kuɗin mako don biki da ta'aziyya. Wanda ya iya tara kuɗin likkafani ya iya tara kuɗin magani.

Shi ma katin hukuma kada ku ɗauke shi laya. Ba kome yake ɗauka ba. Wankin ƙoda da maganin ciwon daji an iyakance su, wasu manyan ayyuka sai an raba kuɗi da majinyaci. Akwai kuma cutar da duk mai kati ya sani: a rubuta magani, ka je taga, a ce ya ƙare, je ka kemis. Mun san tushenta. Asibitin da ka zaɓa ana ba shi wani ɗan kuɗi kan kowane kai a wata, ka zo ko ba ka zo ba. A tsarin tarayya Naira 750 ne, aka bar shi haka fiye da shekara goma, kuɗin magani na ta ninkawa, sai 2024 da 2025 aka ɗaga shi. Asibitin da ke karɓar 750, tsoho mai shan ƙwaya uku kullum ai nauyi ne gare shi. Don haka kafin ka rubuta sunan asibiti, je ka zauna a bencinsa, ka tambayi masu kati 'yan'uwanka ko ana ba su maganin hawan jini da na suga kowane wata. Ka tambayi yadda ake tura mutum gaba, zuwa asibitin tarayya na Gusau ko na Yariman Bakura, da kwana nawa izinin ke ɗauka. In an hana ka magani ka saya a waje, riƙe rasit, ka kai ƙara hukumar, shugaban ƙungiyarku na gefenka. Ƙorafin mutum ɗaya a kwandon shara yake kwana, na mutum ɗari kuwa sai an ba shi kujera.

In mahukunta suka ce abin ba ya yiwuwa, ku tambayi 'yan'uwanmu na zangon Kumasi da Nima. Gana ta kafa nata tsarin a 2003, ta ɗora shi kan harajin kaya na kashi 2 da rabi cikin 100, ta kuma ɗauke wa duk ɗan shekara 70 zuwa sama kuɗin zubi, haka ma masu karɓar fansho a asusun ƙasar. Senegal tun 2006 ta yi shelar magani kyauta ga 'yan shekara 60 zuwa sama. Su ma suna da nasu matsalolin na jinkirin biyan asibitoci, amma dai ba su kori tsoho daga layi ba. Wanne cikinsu ya kai mu man fetur? A Abuja fa aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Mai masaukin baƙin, gwamnatin tarayya, ba ta taɓa cika shi ba.

A watan Agusta na 2025 Shugaba Tinubu ya ba da umarni a fito da kula da lafiya kyauta ga masu ƙaramin fansho da ke cikin tsarin asusun fansho. Mun ji. Wannan umarni kansa shaida ce cewa shekara 20 ana korar tsoho daga adashinsa. Amma 'yar ƙosai ba ta da asusun fansho, manomi ba shi da shi.

Muna kira ga 'yan majalisar jiha masu wakiltar Gusau da Tsafe da Bunguɗu, su tabbatar an rubuta ɓaro-ɓaro cikin doka cewa duk ma'aikacin da ya yi zubi yana aiki, katinsa da na matarsa na nan har ƙarshen ransu, kuma duk ɗan jiha da ya kai shekara 65 a yi masa rajista daga baitulmali, ko ya taɓa cin albashi ko bai taɓa ba. Ku kuma shugabannin layuka na kasuwar Tudun Wada, a taron wannan mako ku ɗauko littafi, ku rubuta sunan duk wanda ya haura 55 a layinku, maza da mata, ku naɗa mutum uku su kai sunayen ofis, kada su dawo sai da farashi da jerin asibitoci a rubuce.