MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE MASA YOYO: WACE IRIN KWAMFUTA MUKE BUKATA?

A wannan mako filin namu zai leƙa garin Minna ne, hedkwatar Jihar Neja, kuma maganar da za mu tattauna ita ce ta na'urar nan mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, musamman irin wadda ake girkewa a kan tebur a ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu.

Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne, kwanan baya na sauka a unguwar Fadikpe wurin wani ɗan'uwana, sai bukatar buga wata takarda ta kama ni. Aka nuna mini wani ɗan shago a bakin hanya, mai kwamfuta uku da firinta ɗaya da injin fotokwafi, ga kuma ƙaramin janareta ɗaure da sarƙa a bakin ƙofa. Mai shagon saurayi ne mai ladabi. Yana cikin buga mini shafi na biyu sai aka ɗauke wuta, allon ya yi baƙi ƙirin, abin da ya rubuta duka ya bi ruwa. Ya tashi ya ja janareta, muka zauna muna jiran kwamfutar ta farfaɗo, ita kuwa tana ta gurnani kamar tsohuwar motar katako a kan hawa.

Muna cikin jiran nan sai na ce masa, "Samari, da a ce masu ƙera wannan inji za su zo yau su ce ka faɗi abin da kake so a ƙara mata, me za ka ce?" Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ni ban damu da gudunta ba. A ba ni wadda in an ɗauke wuta ba za ta mutu nan take ba, wadda ba ta shan wuta da yawa, wadda ƙura ba ta shaƙe ta, in kuma ta lalace in sami kayanta a nan Minna ba sai an aika Ikko ba." Tun daga ranar nake ta juya amsar yaron nan a zuciyata, domin na lura abin da ya roƙa daban, abin da kamfanoni suke shirya masa daban.

To, me kamfanonin suke shiryawa? Tun lokacin da kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur a watan Agusta na 1981, tseren da ake yi na gudu ne da girman ƙwaƙwalwa. Mafi ƙanƙantar samfurin waccan kwamfuta ƙwaƙwalwar aikinta, wadda masu sana'ar suke kira ram, kilobait 16 ce kawai. A shekarar 2024 kuwa, da kamfanin Microsoft ya ba da sanarwar sabon jinsin kwamfutocin da ya sa wa suna Copilot+, sai ya gindaya sharaɗin kada ram ɗinsu ya gaza gigabait 16, wato ninkin na 1981 sau miliyan ɗaya da ɗoriya. Bugu da ƙari ya ce lalle a dasa musu wani sashe na musamman domin aikin ƙirƙirarriyar basira, wadda ke iya fassara magana da zana hoto da tsara rubutu da kanta. Nan ne hankalin Intel da AMD da Nvidia da sauran manyan maƙera ya karkata.

Ba mu ce wannan ci gaba aibu ne ba. Ɗalibin da ke koyon zanen gine-gine ko aikin injiniya a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, yana bukatar inji mai ƙarfi, haka kuma mai haɗa fim. Amma su nawa ne cikin masu kunna kwamfuta a garuruwanmu kowace safiya? Galibi aikinmu buga wasiƙa ne, da cike fom ta intanet, da duba sakamakon jarrabawa, da lissafin albashi. Kwamfutar da aka ƙera shekara goma da suka wuce tana iya duk waɗannan, muddin an kula da ita. Ciwonmu a wani wuri yake.

Ciwo na farko shi ne wuta. Jihar Neja ita ke ɗauke da madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, da ta Shiroro ta 1990, ga kuma ta Zungeru da ta zo daga baya, amma duk da haka mai shago a ƙasar nan bai isa ya buɗe ba tare da janareta ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace sa'a da janareta ya yi yana aiki daga cikin ribar mai shi yake ci. Saboda haka yawan wutar da inji ke sha ya zama babbar magana. Tsohuwar kwamfutar tebur tare da allonta takan sha wat 100 ko fiye, wato idan ta yi sa'a goma ta cinye yunit guda. Ƙananan nan kuwa da ake ƙerawa yanzu, waɗanda ba su fi littafi girma ba, da yawansu ba sa wuce wat 30 a aikin rubutu. Irin wannan faifan sola ɗaya da batir ɗaya suna iya riƙe ta. A ganina wannan shi ne gyaran da ya fi kowane amfani a gare mu, kuma da maƙera za su sa wa kwamfutar tebur ɗan batir a ciki, kamar yadda suke sa wa ta tafi-da-gidanka, da sun share wa dubban masu shaguna hawaye.

Ciwo na biyu shi ne ƙura da zafi. Injin da aka tsara domin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a Turai, shi ne muke girkewa a shagon kwano a bakin titi. Da hunturu fankar cikinsa ta yi ta zuƙar ƙura tana tarawa, kafin zafin Maris da Afrilu ya kankama hanyoyin iska sun toshe, sai ka ga inji yana kashe kansa da tsakar rana, mai shi yana tsammanin ƙwayar cuta ce ta shige shi. Muna son akwati mai rariyar tace ƙura wadda za a iya zarewa a wanke, da murfin da za a buɗe ba tare da neman wani makulli na musamman ba.

Ciwo na uku shi ne gyara da tsadar kaya. Babbar falalar kwamfutar tebur a kan sauran ita ce ana buɗe ta a sauya abin da ya mutu a bar sauran. Amma an shiga wani yayi na manne ram a jikin allon injin da dalma, yadda ba a iya cirewa ko ƙarawa, kuma wasu daga cikin ƙananan nan da na yaba a sama suna da wannan aibi. Saboda haka mai saye ya tambaya kafin ya biya. Ga shi kuma a ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya, domin kamfanoni uku da ke ƙera mafi yawansa, wato Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, sun mai da hankali ga manyan rumbunan ƙirƙirarriyar basira masu saye da tsada. Har ma a watan Disamba na shekarar Micron ya ba da sanarwar zai daina sayar wa jama'ar gari kayansa masu tambarin Crucial. In ka haɗa wannan da faɗuwar darajar Naira tun daga Yunin 2023, sai ka gane cewa sabuwar kwamfuta dal ta yi wa talaka nisa.

Wannan ya kawo mu ga gargaɗin da nake son kowane mai karatu ya riƙe. Mafi yawan kwamfutocin da ke shagunanmu na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, aka yi jigilarsu zuwa kasuwar Computer Village ta Ikeja da ta Alaba, daga nan suka bazu zuwa Arewa. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Windows 10, wadda ya fitar tun 2015, in ban da ƙarin wa'adin shekara ɗaya da ya ware wa waɗanda suka yi rajista. Ma'anar daina kulawa ita ce, idan ɓarayin intanet suka gano wata kafa a jikin manhajar, ba wanda zai toshe ta. Magajiyarta kuwa, Windows 11 ta 2021, ba ta yarda da kowane inji ba. Tana neman wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a wajen injunan Intel galibi sai tsara ta takwas, wadda ta fara fitowa a 2017, ko abin da ya biyo bayanta. Wani kamfanin nazarin kasuwa mai suna Canalys ya ƙiyasta tun a 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne wannan sauyi zai iya mayarwa shara. To, ina ake tsammanin za su nufa? Sanin kowa ne cewa abin da Turai ta yar, a kasuwarmu yake sauka, an goge shi yana ƙyalli, an karya farashi.

Saboda haka kada dillali ya ruɗe ka da cewa, "Ai wannan i7 ce." Sunan i7 ba shaidar sabunta ba ne, domin akwai i7 ta tsara ta uku da aka ƙera tun 2012. Ka sa a kunna injin a gabanka ka karanta cikakkiyar lambarsa. Idan ka ga i5-6500, lambar farko bayan ɗan layin ita ce tsarar, wato ta shida ke nan, kuma ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Idan ka ga i5-8500, ta takwas ce, ta tsallake. Idan lambobin biyar ne, kamar 10400, biyun farko ne tsarar, wato ta goma. Minti biyu na wannan dubawa yana iya tserar da jarin da mutum ya shekara yana tarawa. Araha dai ba ta ado.

Wanda kuma yake da tsohuwa a hannu, kada ya yi gaggawar zubarwa, da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya sa kwamfutar yaron Fadikpe take daɗewa kafin ta farka shi ne tsohon faifan ajiya mai juyawa, wanda sai allura ta bi ta nemo abin da aka rubuta, kamar garmaho. A cire shi a sa na zamani da ake kira SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa, sai injin da ke ɗaukar mintoci ya tashi cikin daƙiƙoƙi. Na biyu a ƙara ram ya kai gigabait 8. Na uku a sayi akwatin batir na UPS, wanda zai riƙe wuta na 'yan mintoci har a adana aiki. Na huɗu a riƙa buɗe akwatin ana hure ƙura, ko da sau biyu ne a shekara. Idan kuma injin ba ya karɓar Windows 11, akwai manhajar Linux, irin su Ubuntu da Linux Mint, waɗanda kyauta ne, ana kuma ci gaba da toshe kafofinsu. Abin da bai kamata ba shi ne mutum ya riƙa shigar da lambobin banki da bayanan jama'a a kan manhajar da aka daina tsaronta.

Maganar ba ta tsaya ga masu shaguna ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma a 2025 Ministan Ilmi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa WAEC da NECO ma za su bi sahu. Ita NECO ɗin, wadda aka kafa a 1999, hedkwatarta a nan Minna take. Wannan yana nufin makarantu da gwamnatocin jihohi za su sayi injuna masu ɗimbin yawa da kuɗin jama'a da na iyaye. Mu ɗauki ɗaki mai kwamfuta 250. Idan kowace tana shan wat 100, ana bukatar kilowat 25 ke nan, ban da fankoki da fitilu. Idan kuwa masu shan wat 30 aka zuba, kilowat bakwai da rabi ya wadatar. Bambancin nan shi ne zai nuna ko ɗakin zai iya dogara da hasken rana, ko kuwa yara za su zauna suna kallon baƙin allo ran jarrabawa saboda man janareta ya ƙare. Muna kira ga shugabannin makarantu da jami'an da ke ba da kwangila su rubuta tsarar inji da yawan wutar da yake sha a cikin takardar yarjejeniya, su kuma sa wanda ya san aikin ya duba kafin a sa hannu a karɓi kaya.

Akwai sauran roƙo ɗaya da yaron bai ambata ba, amma ni da nake rubutu da Hausa ba zan manta da shi ba. Takardar tawa da aka gama bugawa, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suka kamata sai ga k da d da b, har ƙasa ta koma kasa. Alhali kuwa manhajar Windows tana da tsarin rubutun Hausa a cikinta, sai dai madannan da ake kawo mana ba a zana haruffan nan a kansu ba, shi ya sa masu bugu da yawa ba su ma san da shi ba. Wannan gyara ba ya bukatar masana'antar Amurka. 'Yan kasuwarmu da ke odar kaya daga ƙasar Sin suna iya sawa a buga musu madannai masu haruffan Hausa, da ma na sauran harsunanmu, in dai sun ga ana nema. Ɗaliban jami'o'inmu kuma, ga fagen gwada ilmi: akwati mai tace ƙura da ɗan batir a ciki ba abin da ya fi ƙarfinsu ba ne.

Da na tashi tafiya na biya kuɗina, na shawarci yaron ya fara da faifan SSD da UPS kafin ya yi tunanin sabon inji. Ya ce, "In Allah ya yarda, Baba, da zarar an gama rajistar jarrabawa na ɗan tara wani abu, su zan fara saye." Allah ya sa albarka a cikin sana'arsa da ta sauran masu neman halaliya, amin.