Kafin hadari ya haɗo daga gabas: Aikin da ke jiran magidanta a Boɗinga da Shagari

Duk wanda ya taɓa yin damina a Boɗinga ko Shagari ya san yadda abin yake farawa. Rana ce za ta yi ta ƙuna tun safe, zufa na tsiyaya, ko ganye ba ya motsi. Can wajen la'asar sai gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi ƙirin. Kafin mata su gama kwashe shanya, ƙura ta rufe gari, ƙofofi na bugawa, kwanon rufi na kuka. Sau da yawa iskar ba ta wuce rabin awa, amma idan gari ya waye sai a ga rufin wani a gonar wani, turakun lantarki a kwance, ajin makaranta ya koma kango.

Bayan haka sai abin da aka saba: jaje, hotuna a Facebook da WhatsApp, jami'ai su zo su ƙirga gidaje, a yi alkawarin bandir ɗin kwano da buhunan siminti. Wasu su samu, wasu su gaji da jira. Shekara na zagayowa a sake. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne makonnin da suka gabaci iskar, alhali a cikinsu ne ake iya rage ɓarnar da kuɗi kaɗan.

Masu bibiyar labarai a waya sun saba ganin mutanen Amurka suna toshe tagogi da katako idan aka ce mahaukaciyar guguwa na tafe. Irin wannan guguwa, wadda gudun iskarta ke kai kilomita 119 a awa ko fiye, ba za ta taɓa isowa Sakkwato ba, domin a kan teku mai ɗumi take samun ƙarfi, kuma ɗaruruwan kilomita ne tsakanin jihar da gaɓar teku. Sai dai akwai dangantakar da mutane da yawa ba su sani ba. Hadarin da ke ratsa yankin Sahel daga gabas zuwa yamma a lokacin damina, shi ne idan ya wuce Senegal ya faɗa Tekun Atlantika yakan rikiɗe ya zama mafi yawan manyan guguwowin da ke afka wa tsibiran Karibiyan da Amurka. Wato abin da ake fargaba a can, ta kan rufin mutanen nan yake bi tun yana ƙarami. Bambancin shi ne mutumin Florida yana samun gargaɗin kwanaki, na Sifawa ko Danchadi kuwa wani lokaci mintoci kaɗan ne tsakanin ganin baƙin hadari da tashin kwanonsa. Wanda gargaɗinsa gajere ne, dole shirinsa ya zama na tun da wuri.

Rufi shi ne wurin farawa, domin a nan asarar ta fi yawa. Mutane da dama na ɗauka iska tura kwano take yi. A gaskiya ɗaga shi take yi. Idan ta bi ta saman rufi da gudu tana tsotso shi sama, idan kuma ta samu ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ɗaki, sai ta tura shi daga ciki. Ƙarfin nan biyu ne ke haɗuwa su yaye rufi gaba ɗaya. Kuma ƙarfin iska ba a hankali yake ƙaruwa ba: idan gudunta ya ninka sau biyu, matsin da take yi wa rufi ninki huɗu yake yi. Shi ya sa rufin da ya yi shekaru biyar lafiya zai iya tafiya a dare guda.

Kusan kullum daga kusurwa ko bakin rufi ake fara samun matsala. Falle ɗaya ne kusarsa ta yi tsatsa ko ta saki, iska ta samu wurin kamawa, sauran su bi. Don haka magidanci ya samu kafinta su hau sama tun a watan Afrilu ko farkon Mayu, a bi layin kusoshi ɗaya bayan ɗaya. Kusa mai hula ake so, a buga ta a kan tudun kwano ba cikin kwarinsa ba, a kuma ƙara yawanta a gefuna da kusurwoyi. Katakon da gara ta ci a cire shi, domin kusa ba ta kama ruɓaɓɓen katako ko da sabuwa ce.

Amma babban lahanin da ke gidaje da yawa ba a kwanon yake ba, a mahaɗar katako da bango yake. Sau nawa aka ga rufi ya tashi ɗungurungum, kwano da katakonsa, ya sauka a bayan gida kamar an cire hula? Dalili shi ne ɗora shi kawai aka yi a kan bulo, aka ɗan liƙa da siminti. Rufin da zai jure sai an ɗaure katakonsa da rodi ko waya mai kauri da aka binne cikin bango, layi biyu ko uku na bulo daga sama, ko cikin lintel idan akwai. Wannan aiki ne na yini guda, kuma kuɗinsa bai kai na bandir ɗaya na kwano ba. Masu gini sun san haka sarai. Sai dai mai gida ya ce a rage kuɗi, kafinta kuma ba ya son aiki ya kuɓuce masa, sai a yi shiru a rufe.

Akwai kuma al'adar jera duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi a kan kwano. Tana taimakawa a ƙaramar iska, ba a musu. A babbar iska kuwa dutsen nan yana iya gangarowa kan yaro, ko ya ɓurma cikin ɗaki a kan masu barci. Wanda bai da halin ɗauri da rodi, gara ya ratsa igiya mai ƙarfi ko waya ta saman rufin ya ɗaure ta a turaku a ƙasa. Faifan sola da farantin tauraron ɗan'adam da suka yawaita yanzu su ma sai an duba ƙusoshinsu, domin faifan da aka jingina kawai aka danne da bulo, shi iska za ta fara ɗauka.

Gidan ƙasa matsalarsa daban ce, kuma ta fi kisa. Iska ba ta cika damun soro ba. Ruwa ne abokin gabarsa, kuma a hankali yake aikinsa. Magina na da, waɗanda suka gina garuruwa irin su Sifawa inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, sun san ginin ƙasa ba a barinsa shekara ba yaɓe. Kafin kowace damina ana toshe tsaga, a sabunta yaɓen saman soro, a gyara indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da bango. Yanzu wannan ɗabi'a ta ja baya. Matasa sun tafi ci-rani, yaɓe ya yi tsada, sai a bar shi zuwa baɗi.

Bangon ƙasa daga tushe yake mutuwa. Ruwan da ya kwanta a gindinsa kwana biyu ko uku yana jiƙa shi har ya kasa ɗaukar nauyin da ke kansa, kuma galibi cikin watan Agusta ne hakan ke faruwa, cikin dare, lokacin da iyali ke kwance. Maganin ba wani abu ne mai wuya ba: a tara ƙasa a gindin bango a daddale ta ta gangara waje, a buɗe wa ruwan tsakar gida hanya, a tabbatar kwatar maƙwabci ba a jikin bangon wani take zuba ba. Idan aka ga tsaga tana faɗaɗa, ko bango ya fara kumburi daga ƙasa, ko azara ta fara lanƙwasa, to ɗakin nan ba wurin kwana ba ne, ko da kuwa babu wani sai zaure ko gidan ɗan'uwa. Kunyar kwana a gidan maƙwabci ta jawo asarar rayukan da bai kamata a yi ba.

Rumbu ma haka. Iyalin da ɗakinsu ya faɗi za su iya fakewa wani wuri, amma waɗanda gero da dawarsu suka jiƙe a tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya fi tsada, sun shiga wani hali. A duba jinkar rumbu, a ɗaga buhuna daga ƙasa a kan katako ko duwatsu, iri da taki kuma a ajiye su inda ɗigo ba ya kaiwa.

Sauran shirin ƙanana ne. Reshen darbejiya da ya rataya a kan ɗaki ko wayar lantarki a sare shi, ba a sare bishiyar ba, domin ita ce ke karya ƙarfin iska kafin ta iso gida. Takardun gona da na fili, katin zaɓe, takardar NIN da shaidar makarantar yara a sa su cikin leda biyu a rataye sama. Tocila da waya su kasance da caji. Idan iska ta taso a rufe ƙofofi da tagogi, a kashe wutar girki, a tara yara a ɗakin da ya fi ƙwari. Gindin bishiya ba mafaka ba ce idan ana tsawa, ga mutum ko ga dabba. Wayar lantarki da ta faɗo a ɗauka da wuta a jikinta. Bakin rijiya kuma a ɗaga shi a rufe, domin ruwan da ya wanko masai ya faɗa rijiya shi ke kawo amai da gudawa bayan an ɗauka masifa ta wuce.

A Shagari akwai ƙarin abin lura. Garin na da madatsar ruwa, kuma ƙauyuka da yawa na zaune kusa da fadama da bakin gulbi. Mutanen Sakkwato ba su manta da watan Satumbar 2010 ba, lokacin da ambaliya ta mamaye ƙauyukan da ke bin Gulbin Rima har ta yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, da na Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, sun nuna ruwa kan zo da dare ko da asuba, kuma ba ya ba da lokacin shawara. Duk gidan da ke kwari ya kamata tun yanzu ya san tudun da zai nufa, hanyar da zai bi, da wanda zai ɗauki tsoho ko mara lafiya. Jirgin ruwa kuwa, idan hadari ya haɗo, ya jira a gaɓa.

Ba adalci ba ne a ɗora komai a kan talaka. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma na fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya. Bayanan suna nan. Tambayar ita ce nawa ne daga ciki ke isa kunnen manomi a Dingyaɗi cikin harshen da yake ji, a lokacin da zai amfane shi? Taron ƙaddamarwa a Abuja ba gargaɗi ba ne ga wanda ba shi da labari. Hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da ƙananan hukumomin biyu na da hanyoyin da ba sa cin kuɗi: gidajen rediyo, hakimai da dagatai da masu unguwanni, limaman Juma'a, masu shela a ranar kasuwa, da zaurukan WhatsApp da kusan kowane gari ke da su yanzu.

Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, jama'a na da ƙarin hujjar tambayar shugabanninsu abin da suka yi kafin ruwa ya sauka. Yashe magudanan da leda ta toshe a cikin garin Boɗinga da Shagari, gyara kwalbatoci, da tantance makarantar da za a sauke mutane idan ta ɓaci, duk aikin ƙaramar hukuma ne. Kuma makarantun su kansu abin dubawa ne. A ƙauyuka da dama ajin firamare da ɗakin shan magani su ne ke fara rasa rufi, alhali da kuɗin gwamnati aka gina su kuma injiniya ya sa hannu. Idan ginin da ake sa ran mutane su fake a ciki shi ne mafi rauni a gari, to akwai wanda ya kamata a tambaya. Bai kamata a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe ba sai an hau an ga ɗaurin rufin da ido.

Akwai kuma lissafin da masu rabon agaji ya kamata su sake. Kuɗin da ake kashewa a sayi kwano bayan iska, da an ware wani ɓangare nasa an sayi kusa da waya da rodi a watan Afrilu, an ɗauki kafintocin gari su zaga gidajen zawarawa, marayu da tsofaffi, da gidajen da za a kai wa agaji sun ragu. Matsalar ita ce rufin da bai tashi ba ba ya fitowa a hoto, ba kuma a yi masa bikin miƙa kaya.

Inda hukuma ta yi jinkiri, unguwa ba sai ta jira ba. Aikin gayya bai mutu ba a ƙasar Sakkwato. Ana yin sa a gona, ana yin sa a ginin masallaci. Ƙungiyoyin matasa a Boɗinga da Shagari za su iya ware Asabar biyu kafin ruwan farko: ɗaya a yashe kwata, ɗaya a zaga da tsani da guduma da kafinta guda, a fara da gidajen da babu namiji mai ƙarfi a cikinsu.