Duba kuɗi a gaban mai shi ba cin fuska ba ne

Takardar jabu ba ta cutar da wanda ya buga ta, ba ta cika cutar da banki ba. Tana yawo ne daga hannu zuwa hannu har ta mutu a hannun ƙarshe, kuma sau da yawa wannan hannu na mai shayi ne, ko mai kayan miya, ko ɗan adaidaita sahu da aka miƙa wa gudan dubu da almuru aka karɓi canji. Ya ba da kayansa, ya ba da kuɗinsa na gaskiya, an bar shi da takarda. Babban abin da ke taimaka wa masu wannan ɓarna, a ganina, kunyarmu ce. Muna jin nauyin ɗaga kuɗi mu duba a gaban wanda ya ba mu, kada ya ce mun mai da shi ɓarawo.

Alhali dubawar ba ta da wuya. Babban Bankin Najeriya ya sa alamomi a takardunsa don talaka ya gane su da hannu da ido, ba sai da na'ura ba. Shafa fuskar Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong a jikin dubu, ko ta Azikiwe a ɗari biyar, ko ta Sardauna a ɗari biyu: ta gaskiya tana da kaushi a yatsa saboda tawadar ta ɗan taso, ta jabu kuwa yawanci sumul take. Ɗaga ta ga haske, za ka ga hoton ɓoye a cikin takardar, zaren tsaro kuma ya miƙe daga sama zuwa ƙasa. Idan damin kuɗi ne, kamar yadda ake ƙirgawa a Dawanau ko kasuwar dabbobi ta Maigatari, a lura da lambobi, don takardu biyu na gaskiya ba sa ɗaukar lamba ɗaya. Buƙatar wannan lura ta ƙaru tun Disambar 2022, da aka fito da sababbin 200 da 500 da 1,000, tsofaffin kuma suka ci gaba da yawo bayan hukuncin Kotun Ƙoli. Idon da ke ganin launi biyu na kuɗi guda ya fi saurin ruɗuwa.

Za a ce dubawa tana korar abokin ciniki. To, 'yan canji na Wapa a Kano ba sa karɓar dala sai sun murza ta sun ɗaga, kuma babu mai fushi, domin kowa ya san al'adar wurin ce. Abin da ke ɓata rai shi ne a duba na wani a ƙyale na wani. Idan mai shago ya duba na kowa, har na maƙwabcinsa da limaminsa, zargi ya kau, musamman da yake mai miƙo jabun ma galibi bai san da shi ba. Wasu kuma suna cewa taransifa ta kusa kashe tsabar kuɗi, sai dai ƙauyen da sabis ba ya kaiwa bai san wannan zance ba.

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta mai cewa, “Ni ma ba ni aka yi, sai in tura gaba.” Zafin asara gaskiya ne, amma wanda ya gane jabu ya kuma miƙa wa wani ya tashi daga wanda aka zalunta ya koma azzalumi. Dokar Babban Banki ta 2007 ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara biyar ga mai buga jabu, kuma mai kashe shi da saninsa shi ma doka ba ta ƙyale shi ba. Wurin irin wannan takarda banki ne ko ofishin 'yan sanda, tare da bayanin inda aka samo ta.