Ba Laifin Waya Ba Ne, Mu Ne Ba Ma Lissafi

Maudu'inmu na wannan makon zai sosa wa wasu rai, amma gara a faɗa.

Yanzu da yawanmu muna tallata littafi ko waƙa da bidiyon nan mai naɗe lokaci, wanda ake ganin hadari yana gudu, rana ta faɗi cikin daƙiƙa talatin. Sai mu kafa waya awa guda, mu ɗora, abin ya fito dishi-dishi, sama ta rabe layi-layi. Nan take mu ce wayar ce ba ta da kyau, wani ma ya fara tarin kuɗin sabuwa. Ba wayar ba ce, mu ne.

Na farko, lissafi. In muna ɗaukar hoto ɗaya duk daƙiƙa 5, awa guda za ta ba mu hoto 720. Mu jera su 25 a kowace daƙiƙa, bidiyon ya kai kusan daƙiƙa 29. Mu jera su 60, ya koma daƙiƙa 12. Masu cewa sai 60 ne babban aiki sun zubar da fiye da rabin tsawon bidiyonsu don burga kawai. Gaskiya 60 ya fi santsi, amma sai an ɗauki hoto duk daƙiƙa 2, wato 1,800, kafin a sami daƙiƙa 30. Fim ɗin silima da 24 yake tafiya, talabijin ɗinmu da 25. Wanne ne ya kasa? A yi wannan lissafin tun a gida, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, matsi. Tsarin H.264, wanda ya fito a 2003, yana ajiye cikakken hoto ɗaya ne, sannan ya riƙa adana abin da ya canza kawai. A irin wannan bidiyo kuwa, tsakanin hoto da hoto gajimare ya matsa, ganye ya kaɗa, mutane sun wuce. Canjin ya yi yawa, in aka matse shi sosai dole ya dagargaje. YouTube na ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa ga bidiyon 1080p na yau da kullum. Namu ya kamata ya haura haka. H.265 na 2013 ya fi rage nauyi, amma tsofaffin wayoyi sukan cije da shi, kuma irinsu ne a hannun masu karatunmu da yawa. Don haka mu fitar da H.264 a MP4.

Na uku shi ne mafi ciwo. Mu tura ta WhatsApp ya matse, aboki ya ɗora a Facebook ya ƙara matsewa, sannan mu goge hotunan asali don waya ta cika. Abin da matsi ya zubar ba ya dawowa. A tura shi a matsayin fayil, a kuma adana asalin a wani wuri.

Wani zai ce ina ruwan marubuci da wannan? To, waye a cikinmu zai ƙone rubutunsa na asali don yana da fotokwafin fotokwafi? Yadda muke kishin baƙi, haka za mu yi kishin hoto, tunda shi mai karatu yake fara gani kafin ya buɗe shafin farko.

Duk mai ja, ya kawo lissafinsa a ƙasa, muna jira.