KADA A BAR NAS TA TSAYA ITA KAƊAI GABAN KOTUN LADABTARWA

A cikin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, akwai da yawa waɗanda suka shekara uku ko huɗu suna aika kuɗi gida domin wata 'ya ko ƙanwa ta gama Kwalejin koyon aikin jinya da ungozomanci ta Kafanchan, ko makarantar ungozoma ta Zonkwa. Abin da wannan wahala ta haifar takarda ce guda, watau lasin ɗin aiki. In aka karɓe ta, albashi ya tafi, ba kuwa asibitin da zai sake ɗaukar mai ita, daga Kwoi har Kalaba.

Wadda ke ba da takardar ita ce Majalisar kula da aikin jinya da ungozomanci ta Nijeriya, mai hedkwata a Abuja, wadda aka kafa da Doka ta 89 ta 1979. Dokar ta tanadi kotun ladabtarwa mai ikon tsawata wa nas, ko dakatar da ita, ko soke sunanta daga rajista. Babu mai hankalin da zai ƙi wannan. Rai ake damƙa wa nas, kuma wadda ta yi sakaci da gangan, ko ta shiga aiki da takardar jabu, lalle ta cancanci hukunci. Maganar ita ce, wa zai tsaya mata kafin a tabbatar da laifin?

Doka ta yarda wadda ake tuhuma ta zo da lauya, kuma sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a saurari kowa da adalci. Amma yarda dabam, hali dabam. Likitoci sun riga sun nuna amfanin lauya a irin wannan wuri. A 1968 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin da aka yi wa Dokta Denloye, ta ce idan abin da ake tuhumar mutum da shi laifi ne a dokar ƙasa, to kotun shari'a ce za ta fara sauraronsa, ba kwamitin 'yan sana'a ba. Haka kuma Dokta Okonkwo na Inugu: wata majinyaciya ta ƙi yarda a ƙara mata jini saboda addininta, ta rasu a 1991, aka yanke masa dakatarwar wata shida. Sai a 2001 Kotun Ƙoli ta tabbatar ba shi da laifi. Shekara goma ke nan! Wace nas ce a Gwantu ko Kachia za ta iya riƙe lauya ko da shekara ɗaya daga cikin goman?

Wani zai ce ai akwai Hukumar ba da taimakon shari'a, wadda aka kafa tun 1976. Gaskiya ne. Sai dai dokarta ta 2011 ta sa ƙa'ida cewa taimakon na wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba ne, wanda aka mayar Naira 70,000 a 2024. Nas mai albashin gwamnati ta fi ƙarfin a taimake ta, ba ta kuwa kai ga iya biyan lauya ba. Ta zama jemage, ba ta cikin tsuntsaye, ba ta cikin dabbobi.

Yanayin aikin ma abin dubawa ne. A 2024 magatakardan Majalisar da kansa ya bayyana cewa nas-nas 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Waɗanda suka rage su ke ɗaukar nauyin. A ƙaramin asibitin karkara, dare kan yi ba likita, ba wuta, ga mai naƙuda an kawo a kan babur jini na zuba. In nas ta tsaya iyakar abin da lasin ɗinta ya halatta, mace ta mutu. In ta wuce iyaka abin ya ɓaci, a ce ta yi aikin da ba nata ba. Ita dai ba ta san cewa jadawalin aiki da littafin magunguna da takardun da ta rubuta tana neman kayan aiki duk hujjoji ne ba. Abin da ta sani shi ne kuka da ba da haƙuri, kuma sau da yawa amsar farko da ta rubuta cikin firgita ita ce igiyar da za a ɗaure ta da ita. Lauya ne zai iya nuna wa kotu inda laifin nas ya tsaya, da inda na wanda ya bar ta ita kaɗai ya fara.

A Ingila, ƙungiyoyin nas-nas su ke ɗaukar wa 'ya'yansu lauya idan an kira su gaban majalisar can, daga cikin kuɗin da suke biya wata-wata. Ba abin da zai hana ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa, NANNM, ta ware wani kaso sananne na kuɗin da ake yanka daga albashi domin wannan kaɗai, ta kuma riƙa bayyana lissafinsa. Reshenta na Jihar Kaduna ya kamata ya ajiye lauya tsayayye a Kafanchan, musamman da yake babban asibitin garin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 2025, ma'aikata za su ƙaru. Kwalejin Kafanchan kuma ta gayyato lauyoyi su koya wa 'yan ajin ƙarshe yadda ake amsa takardar tuhuma.

Ƙungiyoyin 'yan Kudancin Kaduna da ke Ikko da Fatakwal suna da lauyoyi a cikinsu, suna kuma tara kuɗi don biki da kai gawa gida. Ya dace su sa wannan batu a taronsu na gaba, su rubuta wa reshen NANNM na Kaduna su tambayi nawa aka ware, su kuma ba da sunayen lauyoyinsu da za su karɓi shari'a ɗaya a shekara kyauta.