Ciwon Baya: Allura Ko Aiki?

Uwargida, ke da ke wuni sunkuye a bakin murhu, maganar nan taki ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙugu, mata suka fi yawa.

Yanzu likita kan yi 'yar ƙaramar kafa ya cire guntun guringuntsin da ya danne jijiya. Aikin kan taimaki wadda ciwonta ke sauka ƙafa. Allurar gadon baya fa? A 2025 masana a mujallar BMJ suka ce a daina yinta don ciwo mai daɗewa, amfaninta kaɗan ne. To, kada ki sayar da akuyarki dominta. Amma in ƙafa ta mutu ko fitsari ya ƙwace miki, ki tafi asibiti yau.