Cutar da ta hau jirgi ta bar ƙwaronta a gida

A masana'antar da nake aiki a gefen Barsalona akwai wani ɗan Bolibiya, ƙato ne, shi kaɗai ke ɗaga buhun da mu sai mun yi kama-kama. Ran nan ya je ba da gudummawar jini, bayan kwanaki aka kira shi aka ce an ga cutar Chagas a jininsa. Rabonsa da ƙauyensu shekara goma sha biyar, kuma ko ciwon kai bai cika yi ba.

Ni a bakinsa na fara jin sunan. Wani likita ɗan Burazil, Carlos Chagas, ya gano cutar a 1909. Ƙwayarta 'yar uwar ta ciwon barci ce, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa a wajenmu, sai dai ita wani ƙwaro ke ɗaukarta, Bolibiyawa na ce masa binchuka. Yana laɓewa a tsagar bangon laka da jinkar ɗaki, da dare ya fito ya sha jinin mai barci, ya yi kashi dab da cizon. Mutum ya sosa cikin magagi, ya tura ƙwayar jikinsa da hannunsa. Daga nan sai ta yi lamo, shekara ashirin, talatin, kafin ta taɓa zuciyar kusan mutum uku cikin goma. Ƙasashe 21 na Latin Amurka ne gidanta, masu ɗauke da ita sun haura miliyan 6.

Binchuka ba ya zaune a Turai. Don haka ba a ɗaukar cutar a gaisuwa ko zama kusa, ni kaina kwano ɗaya muke ci da mutumin. Hanyar da ta rage mata a nan ita ce ƙarin jini, dashen sassan jiki, da kuma uwa ga ɗan da ke cikinta. Sifaniya ta wajabta gwajin jinin masu gudummawa daga waɗancan yankuna tun 2005, Amurka ta fara nata a 2007.

Inda na saɓa da masu cewa a tsananta wa baƙi don kare lafiyar 'yan ƙasa ke nan. A 2012 gwamnatin Sifaniya ta janye katin asibiti daga yawancin marasa takardun zama, sai 2018 aka mayar. An dai bar wa masu ciki damarsu, amma ai tun kafin cikin ya kamata a gano ƙwayar, domin macen da ta sha magani kafin ta ɗauki ciki da wuya ta ba ɗanta. Jaririn ma idan an ba shi maganin benznidazole a shekararsa ta farko, kusan duk suna warkewa. To wace mai aikatau ce, tana jinyar tsohuwar wasu dare da rana, ga fargabar takardu, za ta kai kanta gwajin ciwon da ba ta ji a jikinta? Gwajin nan a yi shi kyauta, kuma kada a tambayi kowa fasfo.

Mu ma kada mu ce ba ruwanmu. A 2014 aka gano mutane sun kwaso tsargiya a kogin Kabu na tsibirin Kosika a Faransa. Dodon koɗin da ƙwayar ke buƙata da ma yana cikin ruwan, bincike kuma ya danganta ita ƙwayar da Afirka ta Yamma. 'Yan uwa mazauna Turai, duk wanda ya yi wankan kududdufi yana yaro, musamman wanda ya taɓa fitsarin jini, ya faɗa wa likitansa, ya nemi a yi masa gwajin tsargiya.